Idan Kumbo Ya Yi Hatsari Aka Rasa Rai, Wa Zai Biya Diyya? Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da labari ya bazu cewa roka ta tarwatse, ko wani ƙarfe ya faɗo daga sama ya dira a gonar mutane, da zarar jimami ya lafa sai tambayoyi su biyo baya, kuma kusan kullum iri ɗaya ne: laifin wa, wa zai biya, nawa za a biya. Ga waɗanda aka fi maimaitawa. Mafi yawan misalan daga Amurka suke, domin can ne iyalan mamata suka taɓa jan maganar har gaban alƙali.

Wai hatsarin kumbo ya kashe mutanen da har za a yi masa doka?

Ya kashe. Sau huɗu kumbon da aka nufi zagaya duniya da shi ya hallaka mutanen cikinsa yana kan hanya. Akwai Soyuz 1 na Tarayyar Sobiyet a Afrilun 1967, da lemar saukar Vladimir Komarov ta ƙi buɗewa yadda ya kamata. Akwai Soyuz 11 a Yunin 1971, da iska ta zurare daga ɗakin 'yan sama jannati uku. Sai na Amurka: Challenger ranar 28 ga Janairu 1986, daƙiƙa 73 bayan tashi, da Columbia ranar 1 ga Fabrairu 2003 a hanyar dawowa, kowanne da mutum bakwai. Jimilla mutum 18.

Waɗanda suka mutu a doron ƙasa sun fi haka yawa. Gobarar Apollo 1 ta cinye 'yan sama jannati uku a lokacin gwaji a Janairun 1967. Mutum 48 suka mutu a sansanin Plesetsk na Tarayyar Sobiyet a 1980, mutum 21 a sansanin Alcântara na Birazil a 2003. A 1996 wata rokar ƙasar Sin ta karkace jim kaɗan bayan tashi daga Xichang ta faɗa kusa da gidajen mutane, hukumomi suka ce mutum shida ne suka rasu.

Idan irin haka ta faru, wa ake fara kamawa da alhaki?

Mai jin labari daga nesa yana tsammanin za a fara da binciken wanda ya yi sakaci. Lauya kuwa da wata tambaya yake farawa: shi mamacin wane ne? Soja ne, ma'aikacin gwamnati ne, ma'aikacin kamfani ne, attajirin da ya sayi tikiti ne, ko kuwa bawan Allah ne da ke zaune a gidansa abu ya faɗo masa? Kowannensu da ƙofar da doka ta buɗe wa magadansa, da wadda ta rufe. Mutum bakwai suna iya mutuwa a daƙiƙa ɗaya, a ɗaki ɗaya, saboda kuskure ɗaya, amma iyalansu su tarar haƙƙinsu ya sha bamban.

Waɗanda za a iya nema a wurinsu dai uku ne: gwamnati ko hukumar da ta harba kumbon, ɗan kwangilar da ya ƙera sashen da ya lalace, da kamfanin da ke gudanar da tafiyar idan ta kasuwanci ce. Tambayoyin da ke tafe sun bi su ɗaya bayan ɗaya.

Iyalin ɗan sama jannati za su iya kai NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ƙara?

Da ƙyar. A ƙa'idar shari'ar Amurka ba a ƙarar gwamnati sai inda ita ta yarda a yi ƙararta. Ta yarda a wata doka ta 1946, amma ta kewaye yardar da togaciya. Babbar cikinsu ita ce wadda ake kira ƙa'idar Feres. Wani laftanan soja mai suna Rudolph Feres ya mutu a gobarar bariki, matarsa ta yi ƙara, sai Kotun Ƙoli ta yanke a 1950 cewa soja ko magadansa ba za su nemi diyya daga gwamnati ba kan abin da ya same shi a bakin aiki. 'Yan sama jannati da yawa sojoji ne da aka ba NASA aro. Michael Smith, matuƙin Challenger, hafsan sojan ruwa ne. Matarsa Jane ta fara neman dala miliyan 15.1 daga NASA, daga baya ta je kotu, kotu ta cire gwamnati daga shari'ar bisa wannan ƙa'ida, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar.

Farar hula da ke cin albashin NASA shi ma ƙofarsa a rufe take, ta wata fuskar. Dokar biyan ma'aikatan tarayya ta 1916 tana ba matar mamaci ko mijin mamaciya rabin albashi duk wata, idan da 'ya'ya ya ƙaru har zuwa kashi uku cikin huɗu. Ba sai an tabbatar da laifin kowa ba, amma a madadin haka babu damar ƙara. Ko wanda ya tsallake waɗannan biyu akwai shinge na uku a gabansa: ba a ƙarar gwamnati kan shawarar da doka ta bar wa jami'i ya auna da hankalinsa, kuma lauyoyin gwamnati za su ce shawarar a harba ko kada a harba tana cikin wannan sahu.

To ɗan kwangilar da ya ƙera kumbon fa?

Nan ne aka fi samun sa'a a da. Betty Grissom, matar Gus Grissom da ya mutu a Apollo 1, ita ta buɗe hanya. Ta kai kamfanin North American Rockwell ƙara a 1971, aka sasanta a 1972 kan dala 350,000, matan sauran biyun su ma aka ba su wani abu ƙasa da haka. Ta sha zargi a lokacin, har da masu cewa ta ci mutuncin shirin da mijinta ya mutu a kansa. Lauyanta na Houston, Ronald Krist, shi ne ya sake tsaya wa wasu iyalan Challenger bayan shekara goma sha biyar.

A Challenger hujja ta yi wa Morton Thiokol, kamfanin da ya ƙera rokar da ta ba da matsala, yawa. Zoben roba da ke toshe mahaɗar rokar ya sandare saboda sanyin safiyar. Daren jajibiri injiniyoyin kamfanin, ciki har da Roger Boisjoly, sun ce kada a harba cikin irin wannan sanyi. Jami'an NASA suka nuna rashin jin daɗi, manajojin kamfanin suka keɓe suka yi shawara, suka dawo suka sa hannu. Kwamitin Rogers, wanda aka kafa don binciken hatsarin, ya fito da duk wannan fili, kuma babu kamfanin da zai so a karanta wa masu taya alƙali yanke hukunci irin wannan labari.

Sai dai a 1988 Kotun Ƙoli ta ƙuntata hanyar a shari'ar Boyle, wadda ta taso daga mutuwar wani matuƙin jirgi mai saukar ungulu na soja. Ta ce ɗan kwangila ya kuɓuta idan gwamnati ce ta amince da tsarin ƙirar dalla-dalla, kayan kuma ya fito daidai da tsarin, sannan kamfanin ya sanar da gwamnati duk haɗarin da shi ya sani ita ba ta sani ba. Ke nan gwamnati ta fake da kariyarta, ɗan kwangila ya fake a bayan gwamnati.

Nawa aka biya iyalan Challenger?

A Disambar 1986 iyalai huɗu, na Dick Scobee da Ellison Onizuka da Gregory Jarvis da malama Christa McAuliffe, suka sasanta ba tare da zuwa kotu ba. An ɓoye adadin sai a 1988 ya fito: kimanin dala miliyan 7.7 gaba ɗaya, kuɗi a hannu da kuma biya na shekara-shekara. Morton Thiokol ya ɗauki kashi 60 cikin ɗari, gwamnati kashi 40. Abin lura, Onizuka soja ne mai kan aiki, kuma bisa ƙa'idar Feres da aka yi bayani a sama gwamnati na iya cewa iyalinsa ba sa bin ta ko sisi. Ta biya su. Jane Smith, wadda ta ɗauki lauya ta tunkare ta a kotu, ita aka karanta wa doka.

Iyalan Ronald McNair da Judith Resnik da Michael Smith da kamfanin suka sasanta, kowanne daban. Kamfanin ya kuma haƙura da dala miliyan 10 daga ladar kwangilarsa da NASA, ba tare da ya amsa laifi a hukumance ba.

Na Columbia fa?

NASA ta biya iyalai bakwai dala miliyan 26.6 a sulhun da aka ƙulla a 2004, wanda tsohon shugaban hukumar FBI, William Webster, ya shiga tsakani. Ba a sanar da jama'a ba. Jaridar Orlando Sentinel ce ta tono shi a 2007 ta hanyar dokar 'yancin samun bayanai.

A takarda iyalan nan ba su da ƙarfi sosai. Biyar daga cikin bakwai ɗin hafsoshin sojan Amurka ne, Kalpana Chawla ma'aikaciyar NASA ce, Ilan Ramon kuma kanar ne na sojan saman Isra'ila. Amma binciken ya nuna an ga guntun soson da ke lulluɓe tankin mai ya ɓalle ya bugi fiffiken hagu tun ranar tashi, 16 ga Janairu, injiniyoyi sun nemi a ɗauki hoton fiffiken daga sararin samaniya, manya suka ƙi bin maganar. Da wannan a rubuce, biya ya fi wa hukumar sauƙi.

Tunda doka ta kare su, me ya sa suke biya?

Kunya da lissafi. Shari'a tana nufin a fito da wasiƙun cikin gida, a rantsar da manajoji, a yi shekaru ana maimaita hoton fashewar a talabijin, ga hukumar kuma kowace shekara sai ta je majalisa neman kasafi. Dala miliyan ashirin da wani abu ba komai ba ne kusa da kuɗin tashin kumbo sau ɗaya. Illar wannan al'ada ita ce har yau babu hukuncin kotu da ya bi irin wannan hatsari daga tushe ya ce ga mai laifi, ga abin da zai biya. Kowane sabon iyali daga farko suke fara ciniki, kuma ƙarfinsu a teburin ya dogara da yadda jama'a suka damu da mamacinsu.

Yaya ake ƙiyasta kuɗin? Kamar diyyar da muka sani a shari'ar Musulunci ce?

Sunan ne ɗaya a bakinmu, lissafin daban. A fiƙihu diyyar rai ƙayyadaddiya ce, raƙumi 100 ko dinari 1,000 na zinariya, kuma a kisan kuskure dangin wanda ya yi kisan ta wajen uba ne ke haɗa ta. Ba a tambayar nawa mamacin yake samu a wata. Kotunan Amurka kuwa da wannan tambayar suke farawa: albashin da zai ci har ya yi ritaya, shekarunsa, yawan waɗanda yake ciyarwa, sannan a ɗora kimar rashin miji ko uba ko uwa. Shi ya sa wanda ya bar ƙananan yara iyalinsa kan samu fiye da na wanda bai yi aure ba.

Akwai wani sashe mai ɗaci: azabar da mamaci ya sha kafin rai ya fita, ita ma ana yi mata kuɗi. Da farko an ɗauka mutanen Challenger nan take suka mutu. Da aka tsamo ɗakinsu daga teku sai aka tarar an kunna uku daga cikin na'urorin iskar gaggawa, ɗakin kuma ya yi fiye da minti biyu yana faɗowa kafin ya bugi ruwa. Wannan ya shiga cikin hujjar masu neman diyya. Kuɗin horo kuwa, wanda ake ci wa mai laifi don ya zama darasi, ana iya nemansa a kan kamfani, amma doka ta hana a ɗora wa gwamnatin tarayya.

An taɓa ɗaure wani?

Ba a gurfanar da kowa kan laifin kisa ba a Apollo 1, ko Challenger, ko Columbia. An sauya wa wasu wurin aiki, wasu sun yi ritaya. Boisjoly da ya yi gargaɗi shi ne ya rasa zaman lafiya a kamfanin har ya bari, ƙarar da ya kai su kuma ba ta yi nasara ba. A Tarayyar Sobiyet maganar kotu ba ta ma taso ba: an yi wa Komarov da mutanen Soyuz 11 jana'izar gwamnati, aka ajiye tokarsu a bangon fadar Kremlin. A hatsarin Plesetsk kwamitin farko ya ɗora laifi kan ma'aikatan da suka mutu, sai bayan kusan shekara ashirin aka wanke su, aka koma kan wata na'urar tace mai da aka haɗa da abin da bai dace ba.

Akwai dokar ƙasa da ƙasa a kan wannan?

Akwai biyu, duk a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ce kowace ƙasa ce ke da alhakin abin da 'yan ƙasarta suke yi a can, ko da kamfani mai zaman kansa ne. Yarjejeniyar alhaki ta 1972 ta fayyace yadda za a biya. Idan abin da aka harba ya yi ɓarna a doron ƙasa ko ya bugi jirgin sama yana tafiya, ƙasar da ta harba za ta biya kawai, ba sai an nuna ta yi sakaci ba. Idan kuwa a sararin samaniya ɓarnar ta auku, kamar tauraron ɗan'adam ya bugi kumbon wata ƙasa, to sai an tabbatar da laifi. Mutuwa da rauni suna cikin ma'anar ɓarna, kuma ba a sa wa kuɗin iyaka ba.

“Ƙasar da ta harba” tana da faɗi: wadda ta harba da kanta, wadda ta sa aka harba mata, wadda aka harba daga ƙasarta, da wadda aka yi amfani da sansaninta. Idan sun kai biyu ko uku, mai neman diyya zai iya bin kowace daga cikinsu cikakken kuɗin, su je can su raba a tsakaninsu.

Idan ɗan wata ƙasa ya mutu a kumbon da ba na ƙasarsa ba, yarjejeniyar za ta yi aiki?

A'a. Ta cire mutum iri biyu: 'yan ƙasar da ta harba, da baƙin da ke cikin aikin ko aka gayyato su wurin harbawa ko saukarwa. Don haka Isra'ila ba ta da hurumin bin Amurka diyyar Ilan Ramon ta wannan hanya. Iyalinsa cikin sulhun da aka ambata a amsar Columbia suka shiga.

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana da nata tsari. A yarjejeniyar 1998 ƙasashen da suka gina ta sun yafe wa juna ƙara kan ɓarnar da ta taso daga aikin tashar, har da 'yan kwangilarsu. Amma yafiyar ba ta hau kan ɗan'adam da magadansa ba idan rauni ne ko mutuwa. Su haƙƙinsu yana nan, sai dai su koma su yi fama da dokokin cikin gida irin waɗanda aka lissafa a sama.

Idan tarkacen roka ya faɗo a ƙauyenmu ya kashe mutum ko ya rushe gida, me za mu yi?

Ba tatsuniya ba ce. A Mayun 2020 guntayen ƙarfe da aka danganta da rokar Long March 5B ta ƙasar Sin sun faɗo a ƙauyukan Kwaddibuwa. Ranar 30 ga Disamba 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin kusan kilo 500 ya faɗo a ƙauyen Mukuku na ƙasar Kenya. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Najeriya da Nijar duka suna cikin yarjejeniyar 1972, kuma a rubuce mutumin ƙauyen da abu ya faɗo wa ya fi ɗan sama jannati kariya, tunda shi ba a neman ya kawo hujjar sakaci.

Matsalar ita ce ba shi zai nema da kansa ba. Gwamnatinsa ce za ta gabatar da buƙatar ta hanyar diflomasiyya. Idan shekara ta cika ba a daidaita ba, a kafa kwamitin mutum uku, hukuncinsa kuma ba ya zama dole sai in ƙasashen biyu sun amince tun farko, in ba haka ba shawara ce. Idan gwamnati ta ga ba ta son ɓata wa ƙasar da take karɓar bashi a wurinta, yarjejeniyar ba ta ba talaka hanyar tilasta mata ba. Yana da damar zuwa kotun ƙasar da ta harba da kansa, in yana da kuɗin lauya a can. Sau ɗaya aka taɓa kafa hujja da yarjejeniyar a fili: tauraron Kosmos 954 mai injin nukiliya ya watse a arewacin Kanada a Janairun 1978, Kanada ta nemi kimanin dalarta miliyan 6 na aikin share wurin, Tarayyar Sobiyet ta biya miliyan 3 a 1981.

Abin yi a aikace: kada a taɓa ƙarfen da hannu, wasu man roka guba ne. A ɗauki hoto da waya daga nesa, musamman in akwai rubutu ko lamba a jiki, a rubuta rana da lokaci, a sanar da mai gari da 'yan sanda, a nemi takardar asibiti idan an ji rauni ko an rasu. Kada a bari 'yan gwangwan su saye shi. Duk shari'ar ta rataya ne kan gane mai kayan, kuma da ƙarfen ake ganewa.

Idan kayan ƙasarka ne ya faɗo maka fa?

Yarjejeniyar ba ta shafe ka ba, sai dokar gida. A Maris 2024 wani guntun ƙarfe da bai kai kilo ɗaya ba, daga tarin tsofaffin batura da aka jefar daga tashar sararin samaniya, ya huda rufin wani gida a garin Naples na jihar Florida. Masu gidan sun nemi fiye da dala 80,000 daga NASA ta dokar 1946. Lauyarsu ta yi nuni da abin mamakin: da a wata ƙasa ya faɗa, Amurka za ta biya ba gardama.

Najeriya ma za a iya bin ta irin wannan diyya?

Ƙwarai. Najeriya ba ta da rokar da take kai tauraro sama, amma ta sa an harba mata: NigeriaSat-1 daga Plesetsk a 2003, NigComSat-1 daga Xichang a 2007, da wanda ya maye gurbinsa a 2011. Wannan ya sa ta cikin ma'anar “ƙasar da ta harba” da aka bayyana a amsar dokar ƙasa da ƙasa. NigComSat-1 ya daina aiki tun 2008, amma mutuwar tauraro ba ta sauke alhakin mai shi.

Attajirin da ya sayi tikitin yawon sararin samaniya, idan ya mutu, magadansa za su sami wani abu?

Fasinjan jirgin sama yana da gata. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ce idan ya mutu a hatsarin jirgi tsakanin ƙasashe, kamfanin zai biya asarar da aka tabbatar har kusan dala 200,000 ba tare da ya iya cewa ba laifinsa ba ne, kuma ana iya neman fiye da haka. Mai hawa kumbo ba shi da irin wannan. Dokar Amurka ma ba ta kiransa fasinja, “mai shiga tafiyar sararin samaniya” take ce masa, kuma da gangan aka zaɓi sunan.

Tun gyaran dokar 2004, abin da aka wajabta wa kamfani shi ne ya faɗa masa haɗarin a rubuce, ya sanar da shi cewa gwamnatin Amurka ba ta tantance kumbon a matsayin amintacce ga ɗaukar mutane ba, shi kuma ya sa hannu cewa ya ji ya yarda. Yana yafe wa gwamnati ƙara, gyaran 2015 kuma ya ƙara da yafiya tsakaninsa da kamfanin. Majalisa ta kuma hana hukumar jiragen sama ta FAA kafa yawancin ƙa'idojin lafiyar mutanen cikin kumbo, wai masana'antar tana “lokacin koyo”. An yi ta ɗage ƙarshen lokacin, yanzu zuwa 2028, wato fiye da shekara ashirin ana koyo. Jihohi irin su Virginia da Florida da New Mexico da Texas da Kalifoniya sun yi nasu dokokin kare kamfanonin, don kowace tana son a gina sansani a ƙasarta.

Ke nan sa hannun ya kashe maganar gaba ɗaya?

Bai kashe ba. Yafiyar tarayya ba ta rufe ɓarnar da aka yi da gangan, yawancin dokokin jihohin kuma sun bar ƙofa ga mummunan sakaci. Akwai kuma hujjar cewa yarda ba ta inganta idan an ɓoye wa mutum abin da ya kamata ya sani: kamfanin da ya san wata na'ura tana ba da matsala ya yi shiru, takardarsa ta raunana. Har zuwa yanzu babu mai tikitin da ya mutu a kumbo, don haka ba a gwada takardun a kotu ba. Mafi kusa shi ne jirgin ƙarƙashin teku na Titan da ya murƙushe a Yunin 2023 da mutum biyar. Kamfanin da ke da jirgin ya kasance yana sa masu shiga su sa hannu a takardar da ta ambaci mutuwa ƙarara, duk da haka magadan ɗaya daga cikin mamatan sun shigar da ƙarar dala miliyan 50 a 2024, suna zargin mummunan sakaci.

Matuƙi ko injiniyan kamfani fa?

Shi ma'aikaci ne, kuma a mafi yawan jihohin Amurka inshorar ma'aikata ce ke biyan iyalinsa, ita ce kuma ke hana su ƙarar ubangidansa. Ranar 31 ga Oktoba 2014 kumbon SpaceShipTwo ya wargaje a samaniyar hamadar Mojave lokacin gwaji. Mataimakin matuƙi Michael Alsbury ya mutu, matuƙi Peter Siebold ya tsira da lema. Hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta gano Alsbury ya kwance makullin fukafukan birki kafin lokaci, amma ta ɗora babban nauyin kan kamfanin Scaled Composites, da ya yi ƙirar da kuskure ɗaya na mutum ɗaya zai iya tarwatsa komai bai tanadi kariya ba. Shekara bakwai kafin nan fashewa a wurin gwajin kamfanin ta kashe ma'aikata uku, tarar da hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Kalifoniya ta ci shi ba ta kai dala 30,000 ba.

Birazil ta bi wata hanya bayan Alcântara: a cikin shekarar aka yi doka ta musamman da ta ba iyalan mamatan diyya da tallafin karatun 'ya'yansu.

Idan rokar kamfani ta faɗa kan gari, kamfanin yana da kuɗin biya?

Tun 1988 Amurka ta tsara abin hawa uku. Hawa na farko inshora ce ta dole: FAA tana ƙiyasta mafi girman ɓarnar da ake jin za ta iya aukuwa, kamfani ya sayi inshorar wannan adadi, iyakarta dala miliyan 500 ga mutanen waje, miliyan 100 ga kayan gwamnati. Abin da ya haura, gwamnati ta yi alkawarin ɗauka har dala biliyan 1.5 a kuɗin wancan lokaci, wanda yanzu ya wuce biliyan 3, amma sai majalisa ta ware kuɗin. Abin da ya haura wannan kuma ya koma kan kamfanin. Ba a taɓa kaiwa hawa na biyu ba.

Inshorar rai tana aiki a nan?

Sai an karanta takardar da kyau, don kamfanonin inshora da yawa suna cire ayyuka masu tsananin haɗari. 'Yan Apollo 11 sun san da haka: kafin su tafi wata a 1969 sun sa hannu a ɗaruruwan ambulan, aka buga musu hatimin gidan waya, da nufin in ba su dawo ba iyalansu su sayar wa masu tara kayan tarihi. Christa McAuliffe kuwa wani kamfanin dillancin inshora ne ya yi mata kyautar inshorar dala miliyan 1 ta kasuwar Lloyd's ta Landan, kuma an biya iyalinta. Kuɗin inshora daban yake da sulhun da aka yi bayani a amsar Challenger.

Akwai wa'adin neman diyya?

Akwai, kuma gajere ne. A yarjejeniyar 1972 shekara ɗaya ce daga ranar ɓarnar ko ranar da aka gane ƙasar da ke da kayan. Mai neman gwamnatin Amurka ta dokar 1946 yana da shekara biyu ya miƙa wa hukumar buƙatarsa a rubuce, ita kuma tana da wata shida ta amsa kafin ya wuce kotu. Ƙarar kamfani tana bin wa'adin jihar da abin ya faru. Betty Grissom ta yi kusan shekara huɗu ba ta motsa ba, sai a Janairun 1971 lauyanta ya shigar da takardun a Florida, ana saura kwanaki kaɗan wa'adin ya cika.